Ba A Goge Mutum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, irin zafin Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Rabin waɗanda suka fara cika ƙofar gidan ba shi suka zo yi wa kuka ba. Kawu yana da takwara, ɗan ƙanin mahaifinsa, wanda muke kira Baffa na Kasuwa. Sunan kakansu aka sa musu su biyun, a shekara ɗaya aka haife su, a unguwa ɗaya suka tsufa. Da labari ya shiga kasuwa, 'yan layin atamfa suka rufe shaguna suka taho suna salati, sai ga mutumin da suka zo binnewa zaune a kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Wani tsoho har da ja da baya.

"Ku zauna, ba ni ba ne," in ji Baffa. "Na kwamfuta ne. Ni da sauran shan ruwana."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan mutuwa a haɗiye ta da sauri. Shi kuwa Baffa ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na rawa.

A cikin gida Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Kofunan shayin Kawu ta tattara ta wanke, ta goge, ta sake wankewa, tana cewa, "To yanzu wa zai yi min faɗa?" Matar Kawu kuwa duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta riƙe mata hannu ta ce, "Ni fa har ya tafi ban gane aikinsa ba. In na tambaya ya ce gadi yake yi. Na ce Malam, wane irin mai gadi ne da tabarau da fanka a kansa?"

Ran uku wani malamin asibiti ya zo daga Ngong, ya sha rana a mota. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya yi ta'aziyya da Fulatanci, ya ce, "Allah yaafo mo," sannan ya koma Hausa saboda mu. Ya ce duk mutanen birni da ke zuwa duba musu kwamfuta, Kawu kaɗai ne ke zama a bencin marasa lafiya yana tambayarsu daga wane ƙauye suke. Bayansa abokan aikinmu suka shigo, don ni da Kawu ofis ɗaya muke. Ɗayansu ya sunkuyo ya ce min, "Adda, wallahi yau da safe ma sai da ya yi min faɗa."

Matan da ke kusa suka zaro ido. Ni na gane, kuma a nan ne hawayen da na riƙe kwana uku suka ƙwace min.

Dole in yi bayani, don saboda wannan faɗan nake rubutun nan. Ƙaramin ofis ne namu, mu ne muke rubuta manhajar da wasu ƙananan asibitoci ke ajiye katin marasa lafiya a ciki, daga Bogo da nan Garwa har Ngong da Touboro. Abin da muke rubutawa, kod, ba ya aiki kai tsaye. Sai an ba na'ura ta karanta shi kaf ta haɗa shi ya zama manhaja. Faransawa na cewa kompile, mu a ofis haɗi muke cewa. To Kawu ya rubuta wani fayil guda, ya jera dokoki a ciki. Ba ya bin kod ɗin kowa yana saka doka layi-layi. A wuri ɗaya ya rubuta su, amma suna ratsa aikin kowa, abin da masana ke kira aspe. Duk lokacin haɗi, na'ura za ta auna kowane layi da dokokin nan. In ka karya ɗaya, haɗi ya tsaya cak, manhaja ba za ta fito ba, jan rubutu ya bayyana a allo. Jan rubutun nan kuwa Kawu ne ya tsara kalmominsa, da Hausa, ko da yake duk aikin ofis da Faransanci ake yi. Shi yake kira Zaure, wai ba mai shiga gida sai ta nan.

Ran bakwai aka ba ni zuwa ƙarshen wata in cire Zauren da hannuna.

Mu jikokin fataken Kano ne, gidan atamfa da goro. Kawu ne kaɗai aka tura lekol, wato makarantar boko, kuma Inna ta ce ba don ƙwazo ba ne, don ba ya da amfani a kasuwa ne: in mai saye ya ɗaga turmi, sai ya nuna masa inda ya koɗe. Ya yi karatu a Yawunde, ya yi aikin gwamnati, har zuwa shekarun da aka yi ta sallamar ma'aikata. Ya dawo Garwa da akwatin littattafai da hawan jini. Da yatsa biyu yake buga kwamfuta har ya mutu, goro a kunci, hula a keya. In wuta ta ɗauke, wadda kullum sai ta ɗauke, ba ya tsaki. Sai ya fita gindin darbejiya ya hura gawayin shayi, ya ce tunani ba ya cin lantarki.

Ni ya ɗauko ni ne bayan na gama karatu ina zaune a gida. Makona na farko na rubuta wani layi da ke ɗauko bayani daga rumbun da ake ajiye katuna kai tsaye ya zuba a allo. Na danna haɗi ina jin kaina. Sai ga ja: "Ina za ki da takalmi a ɗakin mutane? Bi ta ƙofa." Na waiga. Yana can kujerarsa yana ɓare goro, ko kallona bai yi ba.

"Kawu, ya aka yi ya san mace ce?"

"Jiya na gyara shi," ya ce. "Na san za ki yi."

Haka yake. Ban taɓa jin ya kunyata wani a gaban mutane ba. In ɗayanmu ya yi ɓarna, tsohon maigidan ofis ya fito yana kumfar baki yana neman mai laifi, sai Kawu ya ce, "Laifin bango ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Kashegari ka ga sabuwar doka a Zaure. Wata rana ni ce na sa sunayen marasa lafiya da cutarsu suka riƙa fita a takardar da kowane mai gyaran na'ura ke iya karantawa. Na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi, ina jiran kora. Shiru. Da safe doka ta ƙaru: "Asirin mara lafiya ba na bakin titi ba ne." Har yau ba wanda ya san ni ce. Fayil ɗin nan tarihin kurakuranmu ne gaba ɗaya, amma ba sunan kowa a ciki. Abokan aikinmu Fulani da Kiristocin kudu, rabin Hausar da suka iya a jan rubutu suka koye ta, shi ya sa duk Hausarsu ta faɗa ce.

In ka ce masa ai za mu gwada manhajar daga baya mu kama kuskure, sai ya ce, "Tun ran gini, ran zane. Daga baya ɗin nan, a Touboro ne, a hannun malamin asibiti mai layin mutane har bakin titi. Shi za ka bar wa?" Na'urar tana iya yin rawayan rubutu, gargaɗi kawai, ta bar ka ka wuce. Kawu ba ya amfani da shi. Ya ce rawaya nasiha ce, nasiha kuwa mutanenmu sun ƙoshi da ita tun daga masallaci.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan dokar farko ne, wadda ke saman fayil ɗin. Dokar ta ce ba wani layi a duk manhajar da zai goge katin mutum. In ka ga kati biyu da kake zaton na mutum ɗaya ne, sai dai ka tura su wani jeri da ya kira Tambaya, su zauna a nan har malamin asibitin garin ya ga mai katin da idonsa ya tabbatar. Jan rubutunta gajere ne: "A'a. Ba a goge mutum. Je ka tambaya tukuna."

Ranar ina da aikin da za a kai kafin Juma'a, katunan da aka maimaita sun cika rumbu, manhaja na tafiyar hawainiya. Na faki idonsa ya tafi sallar azahar, na buɗe Zaure na mai da dokar rawaya. Aikina ya wuce sumul. Wallahi har waƙa na yi. Bai fi awa ɗaya da dawowa ba na ji ya ce, "'Yar Inna, zo nan."

Ni kuma da bakina, na ce masa dokokinsa sun tsufa, ya mai da mu kamar yara, ba wanda ke aiki haka a duniya. Na ce, "Kawu, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ƙauye ɗaya. In ba mutum ɗaya ba ne, aljani ne?"

Ya mai da dokar ja, ya ɗauki hularsa ya fita. Kwana biyu ba ya ce min komai sai amsa gaisuwa. Inna ta ce in ban je na ba shi haƙuri ba kada in ci tuwonta. Na same shi gindin darbejiya, na tsuguna. Ya zuba min shayi, ya ce, "Ɗauko min katin shaidata a aljihun riga." Na ɗauko. "Karanta ranar haihuwa." Ɗaya ga Janairu. "Ta uwarki fa?" Ita ma ɗaya ga Janairu ce. Duk wanda aka haifa a gida ba takarda, ranar da ya je neman kati sai ma'aikaci ya dube shi ya ƙiyasta shekara, ya rubuta masa ɗaya ga Janairu. Rabin tsofaffin ƙasar nan rana ɗaya aka haife su. Sunayenmu kuwa nawa ne? A ƙauye ɗaya sai ka kira suna guda mutum biyar su waiga.

Sannan ya ba ni labarin da ko matarsa bai faɗa wa ba. Tun kafin Zaure, shi da kansa ya rubuta 'yan layukan da ke share maimaici, yana alfahari da su. A wani ƙauye bayan Touboro akwai dattijai biyu masu suna ɗaya. A katin ɗaya an rubuta cewa jikinsa ba ya karɓar wata allura. Layukan Kawu suka ga kati biyu iri ɗaya, suka bar ɗaya suka goge ɗaya. Dattijon ya zo da zazzaɓi, aka buɗe katin takwaransa, ba a ga komai ba, aka yi masa allurar. Bai kai la'asar ba.

"Kowa ya ce kwana ne ya ƙare," in ji Kawu. "Haka ne. Allah ne ya san kwanansa. Amma ni na san layin da na rubuta."

Ya ce ya yi tunanin barin aikin. Sai ya ga in ya bari, wani yaro mai ƙwazo zai zo ya sake rubuta layin nan, don layi ne mai kyau, kowa zai so shi. Faɗa wa mutane ba ya isa, za su manta, shi ma zai mutu. Gara ya sa na'urar kanta ta ƙi.

"In ba na nan, ita za ta riƙa cewa a'a," ya ce.

Wayyo Kawu. Bai lissafa da cewa ita ma ana iya sallamar ta ba.

Sabon maigidan ofis ɗan tsohon ne, a gabanmu ya girma, Baba yake ce wa Kawu, kuma shi ya ɗauki gaban makara ran jana'iza. Ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya zage shi. Tun da rikicin can arewa ya koro mutane, asibitocin sun cika da baƙi. Mutum ɗaya ya yi kati a Bogo, ya yi a Garwa, ya sake yi a Ngong. Jerin Tambaya ya yi tsawon da ba mai iya bi, don malaman asibitin ko lokacin cin abinci ba su da shi. Kawu ne ke bin jerin da waya, ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ya hau mota ya je da kansa. Ga shi waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin sun kawo sababbin kayan haɗi da ba sa jituwa da tsohon fayil ɗin, sun kuma ce a tsabtace rumbu kafin su karɓa.

Na shiga ofishinsa na rufe ƙofa. Na ce, "Patron, ka bar min ko da dokar farko."

"Adda, ki daina ce min patron, kunya nake ji. Ke kin san ba ni na ƙi ba. Sabon haɗin ba ya karanta ta."

"Sai in sake rubuta ta da sabon."

"In kin rubuta, sharar ba za ta wuce ba. In sharar ba ta wuce ba, su janye. In sun janye, asibitocin su koma littafi da biro, wanda gara ke ci. Wanne ya fi? Kuma wa zai bi Tambaya? Ke? Da yara uku?"

Na ba shi labarin dattijon Touboro, na tona asirin da aka ba ni amana. Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Za mu rubuta a takardar ƙa'idoji cewa a riƙa lura."

A riƙa lura! Rawaya ke nan. Da Kawu ne, da ya samu abin ce masa. Shi yana da karin magana a aljihu kamar goro, ni kuwa sai zafin kai da hawaye. Na fito.

Ranar ƙarshen wata da safe na cire shi. Ba wani abu ba ne, danna biyu ne. Na rubuta layin sharar, irin wanda Kawu ya rubuta kafin Zaure, irin wanda na so rubutawa ranar da muka yi faɗa. Na danna haɗi, na riƙe numfashi kamar wadda ta shiga gida ba sallama. Ya wuce. Ba ja, ba rawaya. A ofis ba wanda ya ɗago kai.

Abu ɗaya na roƙa aka ba ni: in ga jerin waɗanda za a goge kafin a goge su, na yini ɗaya. Na zauna ina gangarawa, suna bayan suna, ɗaya ga Janairu, ɗaya ga Janairu. Can wajen azahar hannuna ya tsaya. Suna ɗaya sau biyu, unguwarmu, asibitin bayan kasuwa. Kati ɗaya na hawan jini, an rufe shi da kalmar rasuwa. Ɗayan na ciwon sukari, da allurar da ake karɓa duk wata. Na'urar ta zaɓi ta bar wanda aka taɓa kwanan nan, wato na Kawu, ta goge na Baffa na Kasuwa. Da wata ya kama Baffa ya je karɓar allurarsa, da an duba an ce masa ya mutu.

Na cire su biyun daga jerin da hannuna. Na je na nuna wa maigida. Ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi. Kin ga amfanin dubawa. Ki cire duk wanda kika gane."

Duk wanda na gane. Na koma na zauna. Baffa na gane shi don a cinyarsa na girma. Sauran fa? Matan Bogo, tsofaffin Touboro, mutanen da suka baro garuruwansu da kaya a ka, ban san fuskar ko ɗaya ba. Na buga wa malamin asibitin Ngong waya, ya gane mutum biyu, ya ce yana da mai naƙuda, zai kira ni. Bai samu kira ba. Na yi ta kallon sunayen har aka tashi, ina sane da cewa mafi yawansu maimaici ne na gaskiya, ina kuma sane da cewa ba duka ba. Washegari aka yi sharar.

Ban san me ya biyo baya ba, kuma ba zan sani ba. Wanda aka goge ba ya kawo ƙara, don ba a san an goge shi ba. Wannan ne ke hana ni sakewa. Baffa yana nan, jiya ma ya wuce ta ƙofarmu yana tsokanar Inna. Ban gaya masa komai ba.

Ran arba'in matar Kawu ta kira ni ɗaki ta miƙo min tsohuwar kwamfutarsa a cikin zane. Ta ce, "Ungo kayan gadin. Ni tsoronta nake ji." Zaure yana ciki, yadda ya bar shi. Na buga shi a takarda na sa a akwatin da nake ajiye takardun haihuwar yarana. Ban san wa zai karanta ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa layin da ya kasa yafe wa kansa. Yadda ya tsare sunayen bayin Allah da bai sani ba, Allah ya sa a kira nasa a cikin masu rabo. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mana abin da muka yi da hannunmu muna kallo.

Ran Asabar da ta wuce, da hantsi, yara sun tafi islamiyya, na kunna kwamfutar a tsakar gida. Na rubuta layin gogewa da gangan, na danna haɗi. Ta yi ta nishi irin na tsofaffi, sannan jan ya fito. Ashe ya gyara wannan ma, ban san yaushe ba.

"A'a, 'yar Inna. Ba a goge mutum. Je ki tambaya tukuna."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce da wa nake magana. Ashe a fili na faɗa.

"Kawu, wa zan tambaya?"